Direba na kaso, motocin kamfani na kan hanya: alhakin a wuyan wa?

Baban Nafisa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ni makaniki ne, shekara 14 ke nan ina aiki a garajin wani kamfanin sufuri nan Yamai. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma don Allah kada a tambaye ni ta bayan fage.

Akwai wata bas ɗinmu mai bin hanyar Tawa. Tayoyinta na gaba sun cinye har zare ya fara leƙowa. Sau uku ina rubutawa a littafin garaji cewa a canza su. Karon farko shugaban garaji ya ce an yi oda. Na biyu ya ce mai ajiyar kuɗi bai sa hannu ba, wai daga sama aka ce a rage kashe kuɗi. Na uku ko amsa ban samu ba. Ana gab da Sallah, fasinja sun cika tasha, mai tasha ya ce babu motar da za ta kwana. Na duba iska, na ƙara ɗaure noti, na bar ta ta fita. Tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni tayar dama ta fashe. Mutum biyu suka rasu, ɗaya yarinya ce da za ta yi Sallah wurin kakarta.

Direban yana kaso, an ce gudu yake yi. Ƙila ya yi gudun, domin an yanka masa lokacin da zai isa ya juyo. Inshora ta biya abin da ta biya. Mai kamfani ya aika da buhun shinkafa gidan makoki. Shugaban garaji na nan, mai ajiyar kuɗi na nan, ni ma kowace safiya ina buɗe akwatin kayan aikina kamar ba a yi komai ba. Duk wanda na tambaya a wurin aiki sai ya ce mini "kamfani ne". To wane ne kamfani? Barci ya ƙaurace mini, masu ilimi ku taimake ni.

Maman Abdul:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ƙanena, tun da har abin ya hana ka barci, zuciyarka da rai.

Alhaji Ɗan Adar:
Allah shi gafarta musu. Baban Nafisa, ni ɗan kasuwa ne, albasa nike lodi daga Galmi da Madawa shekara da shekaru, kuma zan faɗa maka yadda nike gani. Kamfani takarda ne. Ba shi da rai, ba shi da kabari, ba a tada shi ranar kiyama. Kalmar ga ta "kamfani ne" mafaka ce da mutane sunka gina don su ɓoye a bayanta. Wanda ya ƙi sa hannu a kuɗin taya mutum ne, shina da suna da gida. Wanda ya ce mota ta tashi mutum ne. A nemo su ɗaya bayan ɗaya. In anka ce a hukunta kamfani, wa anka hukunta? Mai shara da mai sayar da tikiti da za a kora in kuɗi sunka ƙare, su da ba su san komi ba.

'Yar Harobanda:
Baba Alhaji, ku yi mini haƙuri in sa baki, ni ɗalibar shari'a ce a Jami'ar Abdou Moumouni. Kun ce kamfani takarda ne, amma takardar nan tana sayen fili, tana cin bashi a banki, tana kai mutum ƙara kotu da sunanta. A ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, da Nijar ke aiki da su, daga ranar da aka yi wa kamfani rajista a RCCM, wato rajistar 'yan kasuwa da kamfanoni, ya zama mutum a idon doka, dukiyarsa daban, ta masu shi daban. Shi ya sa mai hannun jari a kamfani nau'in SARL ko SA, in kamfani ya karye, abin da ya zuba kawai yake asara, ba a taɓa gidansa ba. Wannan babbar alfarma ce al'umma ta yi wa masu jari. Ba zai yiwu ranar raba riba kamfani ya zama mutum, ranar ɗaukar laifi kuma ya koma takarda ba.

Ku dubi labarin Yaya Baban Nafisa da kyau. Mai ajiyar kuɗi umarni ya bi. Mai tasha ana auna ƙoƙarinsa da yawan motocin da suka tashi. Direba an ba shi lokaci. In kun cire mutanen nan duka kun zuba wasu sababbi a kujerunsu, da tsarin nan dai, tayar za ta sake fashewa. Ashe akwai wani abu da ya yanke shawara wanda ya wuce kowane ɗayansu: tsarin wa ke sa hannu, me ake ba lada a kai, me ake kawar da kai a kansa. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, Peter French, a kan wannan ya kafa hujjarsa tun 1979 cewa kamfani kansa ana iya kama shi da laifi. Faransa ma tun 1994 dokarta ta manyan laifuka ta yarda a gurfanar da kamfani.

Alhaji Ɗan Adar:
Ɗiyata, Allah shi ƙara basira. Amma tsarin ga da kike faɗi, daga sama ya faɗo? Wani ya zauna ya tsara shi. Shi nike nema.

'Yar Harobanda:
Wani lokaci ana samunsa, Baba. Wani lokaci kuwa wanda ya tsara ya rasu ko ya sayar da hannun jarinsa shekara goma da suka wuce, sauran suka tarar ana yi suka ci gaba. In muka ce sai mun sami mutum ɗaya da za mu nuna da yatsa, kullum yatsar kan direba take sauka, don shi ne hannunsa ke kan sitiyari.

Ɗan Ci-rani:
Maganar ƙanwata ta tuna mini da abin da duk Ba'adaren da ke Abijan ya sani. A watan Agusta 2006 jirgin ruwa Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya sauke dattin mai guba a tashar Abijan. Wani ƙaramin kamfani mai suna Tommy ya karɓi kwangilar, ya sa tankoki suka bi dare suna zubarwa a wurare daban-daban cikin gari, har da jujin Akouédo. Mutane wajen 100,000 suka je neman magani. A 2007 Trafigura ta biya gwamnatin Kodebuwa sefa biliyan 100, ba tare da ta amsa laifi ba, aka bar maganar gurfanar da ita a can. Shugaban Tommy kuwa shekara 20 aka yanke masa. Babba ya biya ya wuce, ƙarami ya shiga kaso. Daidai da direbanku.

Malam na Lazare:
Wa alaikumus salam. Na karanta duka, kuma ina ganin Alhaji da ɗiyarmu kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Bari in raba abu biyu da aka cakuɗa: zunubi daban, lamuni daban.

Zunubi na mutum ne. Allah ya maimaita a wurare da dama a Alƙur'ani, ciki har da Suratul An'am aya ta 164, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. A nan Alhaji ya yi daidai, ba za a kira kamfani gaban Allah ba, mutane za a kira. Sai dai a kula, zunubi ba tuwo ba ne da in masu ci suka yi yawa rabon kowa ke raguwa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya zartar da kisasi a kan wasu mutane da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya, ya ce da mutanen San'a duka sun haɗa baki a kai, da duka zai kashe. Taguwar Annabi Salihu mutum ɗaya ya soke ta, amma Suratus Shams ta jingina aikin ga Samudawa baki ɗaya, domin sun yarda. A hadisin riba da Muslim ya ruwaito, la'anar ba ta tsaya kan mai ci da mai bayarwa ba, ta haɗa da marubuci da shaidu biyu. Marubuci ko dala bai ci ba, alƙalami kawai ya riƙe. Masu aiki a ofis su yi tunani a kan wannan.

Lamuni kuwa, wato biyan abin da aka ɓata, shari'a ta san ɗora shi a kan jama'a. Wanda ya yi kisan kuskure, diyya a kan aƙila take, danginsa na wajen uba, su biya cikin shekara uku, alhali ba su kashe kowa ba. Sayyidina Umar ya mayar da ita kan mutanen diwani, waɗanda sunayensu ke rajista ɗaya suna karɓar albashi tare. Dalili shi ne, waɗanda kake ƙarfi da su, kake cin amfani tare da su, su ne za su ɗauki nauyin ɓarnarka, kuma hakan zai sa su riƙa riƙe hannunka tun kafin ka yi. Don haka cewa baitulmalin kamfani ya biya hakkin mamatan nan cikakke ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Buhun shinkafa sadaka ce, ba diyya ba.

Baban Nafisa:
Allah ya gafarta Malam, to ni fa? Na rubuta sau uku.

Malam na Lazare:
Ba zan yanke maka hukunci a nan ba, ɗana, ba ni da wannan hurumin. Rubutun da ka yi hujja ce a gare ka, kuma wanda ya hana kuɗi yana sane ya fi ka nauyi nesa ba kusa ba. Amma kai da kanka ka ce ka ɗaure noti ka bar ta ta fita. Ka san hadisin mutanen jirgin ruwa da Buhari ya ruwaito: na ƙasa suka so huda jirgi don su ɗebi ruwa, in na sama suka bar su duka su nutse, in suka riƙe hannunsu duka su tsira. Ranar nan akwai abin da ya rage a hannunka, ko da cewa ne "ban yarda ta tashi ba" a gaban jama'a. Ka nemi gafarar Allah a kan wannan gwargwadon, kada ka ɗora wa kanka na wasu, kada kuma ka sauke naka.

Mai Faci na Katako:
Malam, da girmanku, faɗa da baki sauƙi gare shi. Mutum da mata da 'ya'ya da haya a kansa, ya tsaya a tasha ranar jajibirin Sallah ya ce mota ba ta tashi? Kafin la'asar an ba wani akwatin kayan aikinsa, motar kuma ta tashi. Me ya canza? Talaka kullum shi ake ce wa ya yi jarumta da cikinsa.

Malam na Lazare:
Ban raina wannan ba, kuma shari'a tana duba halin wanda aka matsa wa. Shi ya sa na ce gwargwado. Amma "ko na hana wani zai yi" ita ce maganar da kowane ɗaya a cikin layin ya faɗa wa kansa, tun daga ofis har bakin ƙofa, da haka motar ta fita.

Maman Abdul:
Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, bari in kawo muku wani abu na cikin gida, don a ga dalilin da ya sa ban yarda da Alhaji gaba ɗaya ba. Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. Tun tsakiyar shekarun 1980 ruwan famfon garin, wanda kamfanin ruwa na gwamnati SNE ke rabawa, yana ɗauke da sinadarin fuluwo fiye da kima. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙayyade miligiram 1.5 a lita, na Tibiri ya ninka haka. Shekara fiye da goma yara na sha. Haƙora suka rine, ƙasusuwa suka lanƙwashe, dubban yara abin ya shafa, wasu suka nakasa har abada. Ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Amma kafin nan, a 2001, an riga an rusa SNE, an kafa sababbin kamfanonin ruwa biyu, SPEN da SEEN, a madadinta.

Alhaji, a cikin shekarun nan daraktoci nawa aka yi? Injiniyoyi nawa aka canza wa wurin aiki? In kun ce sai mutum ɗaya, wa yaran Tibiri za su kama? Wanda ya haƙa rijiyar, ko wanda bai auna ruwan ba, ko wanda ya ga sakamako ya sa a durowa? Yaran nan yanzu manya ne, ƙafafunsu ba su miƙe ba don an canza sunan kamfani. Dole ne a sami wata ƙofa da ba ta yin ritaya, wadda za a ƙwanƙwasa a ce ku biya, ku yi magani, ku nemi gafara. Wanda ya gaji famfo da bututu da masu biyan kuɗin ruwa, a ganina ya gaji bashin da ke kansu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Alhaji Ɗan Adar:
Hajiya, wanga kam kin ɗaure ni. Bashi na yarda da shi, ko a gado sai an biya bashi kafin a raba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya kuɗi daga asusu sannan manya su wanke hannu su ce an gama.

Tsohon Malamin Lakwal:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ke gabanmu a arewa. COMINAK, kamfanin haƙar ma'adinai, ta haƙi yuraniyom a Akouta daga 1978 har aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021. Ta bar tarin dattin ma'adini mai tururin guba wajen tan miliyan 20 kusa da Arlit da Akokan, abin da zai daɗe fiye da jikokin jikokinmu. Almoustapha Alhacen da ƙungiyarsa Aghirin'man shekaru suka yi suna kuka a kan ruwa da ƙura da ƙarafan da ke fita daga ma'adinai su shiga kasuwa. Uwar kamfanin kuwa da Cogema ce, ta koma Areva, a 2018 ta koma Orano.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK ya rasu da kansar huhu a 2009. Iyalinsa suka kai Areva ƙara, a 2012 wata kotu a Melun ta ba su gaskiya. Da aka ɗaukaka ƙara aka soke hukuncin, bisa cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba, COMINAK ce, kamfani mai rajistar Nijar. Riba ta san hanyar Paris, alhaki kuwa an ce ya tsaya a Akokan. In haka ta faru da ɗan ƙasarsu mai lauya, ina ga lebura ɗan Tawa ko Agadas da ɗan kwangila ya ɗauka?

Kuma kada mu manta, gwamnatinmu ma mai hannun jari ce ta hanyar SOPAMIN, kamfaninta na ma'adinai, tana zaune a teburin. Yanzu da aka mayar da SOMAÏR, ɗaya kamfanin yuraniyom na Arlit, ta ƙasa a watan Yuni 2025, tambayar Hajiya ta dawo kanmu: mun karɓi ma'adinin, to lafiyar mutanen Arlit fa?

'Yar Harobanda:
Mushe, irin wannan ɓuya a bayan ƙananan kamfanoni ce ta sa Faransa ta yi dokar 2017 da ke tilasta wa manyan kamfanoninta sa ido a kan rassansu da 'yan kwangilarsu ko a wace ƙasa suke. Abin da ya zaburar da ita shi ne rushewar ginin Rana Plaza a Bangladesh a 2013, inda maɗinka fiye da 1,100 suka mutu suna ɗinka wa manyan shagunan Turai kaya. An ga tsagewar bango tun kwana ɗaya kafin nan, aka ce su koma aiki.

Ɗan Ci-rani:
An ga tsagewa, an ga zaren taya. Kullum akwai wanda ya gani.

Alhaji Ɗan Adar:
Tun da ana faɗin gaskiya, bari in ƙara wadda ba mu so. Mu fasinja fa? Kamfani shi ƙara jika ɗaya a kuɗin mota don shi sai taya, gobe duk mun koma wurin maƙwabcinsa. Direba shi tafi a hankali, mu ne ke yi mishi tsawa daga baya. Ni kaina na sha matsa wa direban da ya ɗauko mini albasa shi kwana shina tuƙi don kada ta ruɓe kafin Kwatano, ban taɓa durƙusawa na dubi tayarshi ba. Yau da na karanta labarin ga na kira yarona na ce a duba. Laifi tudu ne.

Mai Faci na Katako:
Alhaji, wannan gaskiya ce, amma a yi hattara. Da zarar an ce laifin kowa ne, ya zama ba na kowa ba. Tsohuwar da ta sayi tikiti ba ta ga littafin garaji ba. Wanda ya sani kuma yake da iko, shi ne a gaba, sauran a bayansa.

Maman Abdul:
Haka ne. Kuma har yanzu ba wanda ya tambayi halin da iyalin direban ke ciki.

Baban Nafisa:
Hajiya, matarsa ta koma gidan iyayenta da yara uku. An tsayar da albashinsa tun watan da abin ya faru. Mu 'yan garaji muke haɗa abin da ya samu ƙarshen wata.

Littafin yana nan, shafuka ukun da rubutuna da kwanan wata. Ba wanda ya taɓa neman ganinsa, har jandarmomin da suka zo.

'Yar Harobanda:
Yaya, ka ɗauki hoton shafukan nan yau, kafin littafin ya ɓata. Ka kai wa lauyan direban in yana da shi, in ba shi da shi a nema masa ta hukumar taimakon shari'a, ANAJJ. Shafukan za su iya sauya yadda alƙali zai kalli rabon laifin. Kuma aya ta 1384 ta kundin dokar farar hula ta ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, iyalan mamatan suna da hanyar bi. Ba zan ɓoye maka ba, aikinka na iya shiga haɗari, kuma sunanka ma yana cikin littafin. Ka fara ganin lauya kai kanka, ka kuma sanar da sufeton ƙwadago.

Malam na Lazare:
Ɓoye shaida Allah ya hana a ƙarshen Baƙara, aya ta 283. Ka yi istihara, ka shawarci iyalinka, domin su ma abin zai taɓa su. Muna yi maka addu'a.

Alhaji Ɗan Adar:
In sunka kore ka, ka neme ni. Motocina na bukatar makanikin da ke rubutawa sau uku.

Maman Abdul:
Ƙanena, tambaya ɗaya ta rage mini. Sauran motocin, an canza musu taya?

Baban Nafisa:
Bayan hatsarin an canza wa biyu. Akwai ta uku da na rubuta tun makon jiya, har yanzu shiru. Gobe da asuba za ta tashi zuwa Tawa, kuma ni ke da duba ta.